Masu Bugun Kwano: Tarihin Wata Ƙungiyar Ƙwadago a Amurka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu ƙera akwatin ƙarfe ko indararo ya san aikin da nake nufi. Mutum zai jawo fallen kwano shimfiɗaɗɗe, ya auna, ya ja layi da tsinin ƙusa, ya bi layin da almakashi, ya ɗora bakin a gefen dogon ƙarfe yana bi da guduma, kafin ka ankara abin da yake kwance ɗazu ya tashi ya zama mazubi mai ciki da baki da murfi. A wurinmu wannan aiki dangin na maƙeran fari ne. A Amurka da Kanada kuwa masu yin sa sun riƙe ƙungiyar ƙwadago tasu ta kansu har shekara 126, wadda aka fi sani da sunanta na ƙarshe, Sheet Metal Workers' International Association. Sauran ma'aikata a wurin gini suna kiran su masu bugun gwangwani, don ƙarar guduma a kan kwano ce ke fara shelar isowarsu, su kuwa suka karɓi laƙabin hannu biyu suka mai da shi abin tinƙaho. Yau babu ƙungiyar da wannan suna. Amma labarinta ya isa a ba da shi, domin a cikinsa ake ganin yadda abu guda, wato tsare ƙofar koyon sana'a, ya fitar da iyalai da yawa daga talauci, kuma shi ɗin dai ya bar wasu a waje saboda launin fatarsu.

Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, garuruwa suka shiga bunƙasa kamar wutar daji, ita ma wutar gaske ba ta bar su ba. Gobarar Shikago ta 1871 ta cinye babban yankin birnin, ta kuma koya wa magina da hukumomi tsoron katako. A daidai wannan zamani fallen ƙarfe mai rufin tutiya ya yi araha. Sai attajirai suka gane cewa rawanin da ake yi wa dogon bene, wanda a da sai an sassaƙa shi da dutse da kuɗi masu yawa, ana iya lanƙwasa shi da kwano, a shafa masa fenti, mai wucewa a ƙasa ya ɗauka dutse ne. Ga rufin gida, ga indararo, ga bututun hayaƙin murhu, ga silin mai zane, ga bokiti da tukwane. Aiki ya samu, amma mai yin sa bai ga alherinsa ba. Awa goma a rana, kwana shida a mako, shi ne abin da aka saba. Mai kafa rawanin gini yana aiki a bakin rufin bene a kan katakon da ba shi da makari, gefensa kaskon gawayi na gasa ƙarfen liƙi, yana shaƙar tururin ruwan asid da ake wanke bakin kwano da shi kafin dalma ta kama. Idan hunturu ya sauka da ƙanƙara, gini ya tsaya, lada ma ya tsaya. Idan ma'aikaci ya faɗo ya mutu, sai dai abokan aiki su yi karo-karo a binne shi.

A garuruwa da dama waɗannan ma'aikata sun riga sun yi 'yan ƙananan ƙungiyoyi, amma kowace tana fama da ciwo iri ɗaya. Da zarar sun ajiye guduma suna neman ƙarin lada, sai mai shago ya aika gari na gaba, jirgin ƙasa ya sauke masa wasu ma'aikatan da ba su san me ake ciki ba, yajin aiki ya mutu a tsaye. Wani mai suna Robert Kellerstrass, sakataren ƙungiyar masu kwano ta garin Peoria a jihar Ilinoi, shi ne ya ɗauki alƙalami a 1887 ya shiga rubuta wa takwarorinsa wasiƙu. Shekara guda kafin nan aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Amurka, AFL, ƙarƙashin Samuel Gompers, wanda aƙidarsa ita ce kowace sana'a ta tattara masu ita, ta nemi lada mai kyau da gajeruwar rana, ta bar dogon buri. Wasiƙun Kellerstrass suka yi albarka. Ranar 25 ga Janairu, 1888, cikin tsakiyar sanyi, wakilai 'yan ƙalilan daga garuruwa irin su Peoria da Kansas City da Omaha da Memphis suka haɗu a Toledo ta jihar Ohayo, suka kafa ƙungiya da sunan Tin, Sheet Iron and Cornice Workers' International Association. Archibald Barnes na Kansas City ya zama shugaba na farko, Kellerstrass ya zama ma'aji. A 1889 suka shiga AFL.

Jaririyar ta kusa mutuwa tun ba ta yi ƙwari ba. Karayar arzikin 1893 ta rufe bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa, gini ya tsaya cik, mambobi suka kasa biyan kuɗin wata, asusu ya bushe, har AFL ta janye takardar amincewarta a 1896. Rassan da suka rage suka sake ɗaura ɗamara a 1897 da sabon suna, aka mayar musu da takardar a 1899. A wannan tsakanin aka buɗe reshe a Toronto, abin da ya gaskata kalmar ƙasa-da-ƙasa da ke cikin sunan. Wasu da suka ɓalle suka dawo a 1903, maƙeran jan ƙarfe suka shigo a 1907, aka kuma tanadi kuɗin jana'iza ga iyalin mamba, wanda a wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne ga matar da aka kawo wa gawar mijinta daga wurin gini.

Abokin gabar da ya fi ba su wahala a shekarun da suka biyo baya ɗan'uwansu ne ma'aikaci, wato kafinta. Dokokin kashe gobara sun sa manyan benaye suna barin ƙofa da taga na katako suna komawa na ƙarfe mai rami a ciki. To, wa zai kafa su? Masu kwano suka ce abin da aka ƙera da fallen ƙarfe nasu ne tun daga shago har jikin bango. Kafintoci suka ce tun kaka da kakanni su ke rataya ƙofa, ko da me aka yi ta. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma abin da ake ja a kai tuwon gida ne. Sashen magina na AFL ya ba masu kwano gaskiya, kafintoci kuwa, da yake sun fi kowa yawa, suka ƙi bin hukuncin, aka yi ta fita da dawowa, ana tsai da gine-gine saboda ƙofa guda, kusan shekara ashirin kafin a yi sulhu a ƙarshen shekarun 1920. Wannan rigima ta saba wa ƙungiyar da wata ɗabi'a da ba ta rabu da ita ba: kallon aiki a matsayin gona mai iyaka, wadda dole a yi mata shinge a tsare.

Ba duka mambobi ke wurin gini ba. Da yawa suna ma'aikatun gyaran jiragen ƙasa, suna yi wa injin tururi riga da bututu. Lokacin da hukumar ƙwadagon layin dogo ta zaftare musu lada, sai suka bi sahun makanikai da maƙera da masu tukunyar tururi da masu lantarki da masu gyaran tarago, ranar 1 ga Yuli, 1922, kimanin mutum 400,000 suka fita yajin aiki. Kamfanoni suka ɗauko wasu ma'aikata da 'yan gadi masu bindiga, aka zubar da jini a wurare da dama. A farkon Satumba babban lauyan gwamnati, Harry Daugherty, ya samo umarni daga alƙali James Wilkerson a Shikago wanda ya haramta kusan duk wani motsi na tallafa wa yajin, har tsayawa a bakin ƙofar ma'aikata. Yajin ya karye, mutane da yawa suka rasa aiki da matsayin da suka tara shekara da shekaru. Shekara biyu bayan wannan duka, a 1924, ƙungiyar ta ɗauki sunan da ta riƙe har ƙarshenta. Sai kuma babbar karayar arziki ta 1929 ta zo ta sake kwantar da gini. Dokar Wagner ta 1935, wadda ta tilasta wa masu kamfani zama teburi da ƙungiyar da ma'aikata suka zaɓa, ita ce ta ba su numfashi.

Amma abin da ya ɗaga sana'ar sama da gaske iska ce. A 1902 wani injiniya, Willis Carrier, ya ƙera na'urar rage laima a wata maɗaba'a da ke Brooklyn, domin takarda ta daina kumbura tana ɓata launi. Daga nan na'urar sanyaya ɗaki ta shiga gidajen silima da manyan kantuna, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta shiga ofis da asibiti da makaranta da gida. Na'ura tana sanyaya iska a wuri guda, amma sai an yi wa iskar hanya zuwa kowane ɗaki, hanyar kuwa bututun kwano ne mai kusurwa huɗu da ke ɓoye a saman silin. Rawanin gini ya daina yayi, amma masu kwano suka sami aikin da ya ninka shi.

Ya kamata a tsaya a kalli wannan aiki da kyau, don a gane abin da ƙungiyar take tsarewa. A ce bututu mai kusurwa huɗu zai haɗu da wani mai da'ira, kuma ba su kan layi ɗaya ba, saboda wani ginshiƙi ya tare hanya. Babu kantin da ake sayar da wannan mahaɗi. Ma'aikaci zai tsaya gaban teburi da fallen kwano, da ma'auni, da kamfas na ƙarfe, da tsinke. Zai raba da'irar gida-gida, ya ja layi daga kowane ɗigo zuwa kusurwa, ya lissafa ainihin tsawon kowane layi, domin abin da ido ke gani a zane ya fi na gaske gajarta idan layin a karkace yake. Sannan ya shimfiɗa waɗannan alwatika ɗaya bayan ɗaya a kan kwanon har wata siffa ta fito mai kama da fatar da aka shanya, ya ƙara ɗan baki na haɗi, ya yanka, ya kai injin lanƙwasa yana ba kowane layi ɗan karyi kaɗan. Idan lissafinsa daidai ne, bakin biyu za su haɗu ba tare da rata ba. Idan ya kuskure da kaurin farce, kwanon ya tafi juji. Mutumin da ya iya wannan ya iya lissafin siffofi a hannunsa, ko da bai taɓa shiga jami'a ba, kuma ba a koyonsa a wata shida. Shekara huɗu zuwa biyar ɗan koyo ke yi, yana aiki da rana ana biyan sa, yana zuwa aji, kafin a kira shi cikakken ma'aikaci.

Nan ƙarfin ƙungiyar yake. 'Yan kwangilar aikin kwano sun kafa tasu ƙungiyar, SMACNA, a 1943, kuma a kowane gari kwamitin haɗin gwiwa na ƙungiyar ma'aikata da 'yan kwangila ne ke zaɓen 'yan koyo. Ɗan kwangilar da ya sa hannu a yarjejeniya, idan yana son ma'aikata, ofishin reshe yake nema. Wanda ke riƙe da ƙofar koyo da ƙofar ɗaukar aiki, shi ke yanka farashin gumi. Da wannan suka sami lada mai tsoka, suka sayi gidaje, suka kai 'ya'ya makaranta. Reshe na 28 na birnin Niyok ya yi gaba a wannan fage: ƙarƙashin jagorancin Edward F. Carlough ya samo asusun kula da lafiya a 1946 da asusun fansho a 1950, abin da bai zama ruwan dare a aikin gini ba a lokacin. Carlough ya zama shugaban ƙungiyar baki ɗaya a 1959 bayan Robert Byron, aka kafa asusun fansho na ƙasa a 1966. A 1970 ɗansa, Edward J. Carlough, ya gaje shi a kujerar. Shi ya kafa asusun horarwa na ƙasa a 1971, da wani asusu a 1973 da ke cike wa ma'aikaci giɓi idan awannin aikinsa suka yi ƙasa, wato maganin tsohon ciwon nan na hunturu, da cibiyar nazarin tsimin makamashi a 1981. Mambobi suka kai wajen 150,000.

Uba ya sauka ɗa ya hau a can sama, haka abin yake a ƙasa. Mu Hausawa mun san sana'ar gado kuma muna girmama ta. Ɗan maƙeri ya tashi a gindin zuga-zugi, babu mai ganin laifin uban da ya koya wa ɗansa. Amma maƙerin ƙauye bai hana wani kafa tasa maƙerar a gaba ba. A Niyok kuwa reshe na 28 ne ke riƙe da kusan duk babban aikin kwano na birnin, har da gine-ginen da ake yi da harajin kowa da kowa. Idan gado ya zama shi ne kaɗai hanyar shiga, kuma waɗanda suka fara shiga duk farare ne, to, baƙar fata ba shi da rana har abada. Abin ma bai tsaya ga al'ada ba, a rubuce yake. An kafa reshen a 1913 ƙarƙashin tsarin mulkin uwar ƙungiya wanda ya tanadi rassan farare, ya ajiye baƙaƙe a ƙananan rassa da ke ƙarƙashin ikonsu. An goge wannan daga takarda a 1946, amma bai goge daga zukata ba.

A 1964, shekarar da Amurka ta yi dokar 'yancin jama'a da ta haramta wariya wajen ɗaukar aiki, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta jihar Niyok ta binciki reshen. Ta tarar bai taɓa samun baƙar fata ko ɗaya ba, mamba ko ɗan koyo, kuma galibi sai wani mamba ya tsaya wa yaro kafin a ɗauke shi. Kotun jiha ta ba da umarni a riƙa zaɓe da jarrabawa. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi taɓa mini zuciya a duk wannan tarihi. Samari baƙaƙe suka duƙufa, masu fafutuka suka shirya musu darasi, suka zauna jarrabawa, suka ci da yawa. Sai kwamitin zaɓen 'yan koyo ya ce ba zai karɓi sakamakon ba, wai an yi musu horon da bai dace ba, kuma yawan waɗanda suka ci ya wuce hankali. An ce wa yaro ƙofa a rufe take don bai cancanta ba, ya je ya yi karatu ya cancanta, sai aka ce cancantar tasa ce abin tuhuma. Dole hukumar ta sake komawa kotu.

A 1971 gwamnatin tarayya ta shigar da ƙarar reshen, daga baya hukumar daidaita damar aiki, EEOC, ta karɓi ragamar shari'ar, jiha da birni suka shigo. Hukuncin 1975 ya tona dabarun ɗaya bayan ɗaya. Ana neman takardar gama sakandare da wata jarrabawa da ba a nuna alaƙarsu da iya aikin ba. Ana ɗaukar kuɗin ƙungiya a shirya wa 'ya'ya da abokan mambobi darasin jarrabawar, wato abin da aka ce haramun ne ga wasu. Idan aiki ya yi yawa, maimakon a buɗe ƙofa, sai a kira tsofaffin da suka yi ritaya, ko a ba ma'aikatan wasu garuruwa takardar izini ta wucin gadi, alhali ga ƙwararru baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka a cikin birnin. Idan za a jawo shagon da ba ya ƙungiya, sai a zaɓi wanda ma'aikatansa farare ne. A tsakiyar 1974 waɗanda ba farare ba kashi 3.19 ne cikin ɗari na mambobi. Alƙali ya sa musu mizani na kashi 29 cikin ɗari, daidai da yawan irin waɗannan mutane a cikin ma'aikatan birnin, ya ba su zuwa Yulin 1981, ya naɗa mai sa ido. Wa'adi ya cika ba a kai ko rabi ba. A 1982 kotu ta same su da laifin raina umarninta, ta ci su tarar dala 150,000, ta ce a zuba kuɗin a asusun tallafa wa 'yan koyon da ba farare ba. A 1983 aka sake samun su da wannan laifi, aka gyara mizanin zuwa kashi 29.23, aka ɗaga wa'adi zuwa ƙarshen Agustan 1987.

Reshen ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, yana cewa doka ta yarda a biya wanda aka tabbatar an cuce shi da sunansa ne kawai, ba a fifita wani jinsi a dunƙule ba. Zamanin Shugaba Ronald Reagan ne, gwamnatinsa ba ta son irin wannan mizani, don haka hukumar da ke riƙe da ƙarar ta juya ta goyi bayan reshen a kan wannan batu, aka bar jiha da birni suna kare hukuncin. Ranar 2 ga Yuli, 1986, kotu ta yanke, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa umarnin ya tsaya. Mai shari'a William Brennan, wanda ya rubuta babban ra'ayi, ya kafa hujja da cewa inda wariya ta daɗe kuma ta yi tsanani, kotu tana da ikon ba da magani mai la'akari da jinsi, ko da masu amfana ba su ne aka kora da hannu ba. A ganina wannan shi ne adalci. Wa zai iya lissafa samarin da ba su ko nemi takardar shiga ba, saboda tun suna yara sun san amsar? Sunansu ba ya cikin kowane kundi, amma an cuce su. Har yau ɗaliban shari'a a Amurka suna karanta wannan hukunci da sunan reshe na 28, kuma mutane da yawa ta nan kaɗai suka san ƙungiyar.

A shekarar nan ta 1986 dai ƙungiyar ta yi wani abin da ya cancanci yabo. Shekara da shekaru ana fesa asbesto a jikin ƙarfen gini ana naɗe bututu da shi don tare wuta da zafi. Mai kwano ba shi ke fesawa ba, amma shi ke hawa tsani bayan an fesa, ya kankare wurin da zai ɗaura maratayin bututu, farar ƙura tana zubo masa a fuska da wuya, ya kaɗe rigarsa ya ci abincin rana a nan, ya kai sauran ƙurar gida wa matar da ke wanki. Ciwon ba ya nuna kansa sai bayan shekara ashirin ko talatin: numfashi ya gajarce, huhu ya taurare, wani kuma sankara ta kama shi. Ƙungiyar da 'yan kwangila suka kafa cibiyar lafiyar ma'aikata, suka nemi taimakon Dakta Irving Selikoff na asibitin Mount Sinai, likitan da ya yi fice wajen tona illar asbesto, aka shiga ɗaukar hoton ƙirjin waɗanda suka shekara ashirin ko fiye a sana'ar. Cikin mutum sama da 9,000 na zagayen farko, kusan ɗaya cikin uku aka ga tabo a huhunsa ko a fatar da ke lulluɓe da huhun. Babu maganin da ke goge wannan tabo, amma sanin ya ba mutane damar bin lafiyarsu da neman diyya, ya kuma sa aka canza yadda ake aiki a tsofaffin gine-gine.

A cikin gida ma an yi ta gwagwarmaya kan wa ke da bakin magana. Edward Lynn, zaɓaɓɓen wakili a reshe na 75 na Los Angeles, ya tashi a taro ya soki ƙarin kuɗin wata, mambobi suka kada shawarar, sai wanda uwar ƙungiya ta turo ya kula da reshen ya tuɓe shi. A 1989 Kotun Ƙoli ta ce tuɓewar ta saɓa wa dokar da ke kare 'yancin mamba na faɗin ra'ayinsa. Shi kansa Carlough ƙarami, bayan shekara 23 a kujera da duk ayyukan da ya kafa, ya sauka a 1993 cikin ƙorafin mambobi kan almubazzaranci da dukiyar ƙungiya, ya rasu a shekarar da ta biyo.

Zuwa wannan lokaci ƙasa ta canza a ƙarƙashin ƙafar ƙungiyoyin ƙwadago duka. 'Yan kwangilar da ba sa hulɗa da ƙungiya sun ƙaru, musamman a jihohin kudu. Kwamfuta ta karɓi lissafin da ake yi da kamfas, injin yankan wuta yana fitar da siffar mahaɗi cikin 'yan mintoci. Ƙungiyoyi suka shiga haɗewa don su yi nauyi a gaban kamfanoni da 'yan siyasa. Michael Sullivan, wanda ya hau shugabanci a 1999, ya daidaita da United Transportation Union, ƙungiyar kwandastocin jirgin ƙasa da masu birki da direbobin bas, wadda ita ma haɗakar ƙungiyoyi huɗu ce tun 1969. Mai kallo daga nesa zai ce me ya haɗa mai lanƙwasa kwano da kwandasta, amma tsohon zumuncin layin dogo yana nan tun kafin 1922. Mambobin waccan ƙungiya suka amince da ƙuri'a a 2007, aka sa ranar ɗaya ga Janairun 2008, sai wasu daga cikinsu suka garzaya kotu suna cewa ba a nuna musu cikakken tsarin mulkin da za su shiga ba, sabbin shugabanninsu ma suka ja baya. Aka yi shekara kusan huɗu ana shari'a, har mai sasantawa Michael Gottesman ya yanke a Oktoban 2011 cewa yarjejeniyar tana nan daram. Sabuwar ƙungiyar ta ɗauki sunan da ake taƙaitawa SMART, mai mambobi sama da 200,000, ta yi babban taronta na farko a Las Vegas a Agustan 2014, da Joseph Nigro, mai kwano daga Boston, a matsayin shugaba. Sunan 1924 ya sauka daga allo, rassa kuwa suka riƙe lambobinsu.

Ƙarar 1971 ta fi sunan tsawon rai. Bayan an buɗe ƙofar shiga, rigimar ta koma kan rabon aiki, domin mutum yana iya riƙe katin ƙungiya a aljihu ya wuni a gida idan ba a tura shi wurin gini ba, fanshonsa kuwa da awannin da ya yi ake lissafa shi. A 2008 reshe na 28 ya yarda ya biya dala miliyan 6.2 ga ma'aikata baƙaƙe da 'yan Latin Amurka 156 saboda awannin da aka tauye musu tsakanin 1984 da 1991. A 2015, shekara guda bayan taron Las Vegas, kuma shekara 44 bayan shigar da ƙarar, ya sake amincewa da biyan kimanin dala miliyan 12 kan shekarun 1991 zuwa 2006, tare da alkawarin gyara yadda ake tura mutane aiki. Samarin da suka zauna jarrabawar nan da aka so a soke, a lokacin sun doshi shekara saba'in.